Furar Dare da Lambar Asuba: Abin da Alƙaluma Suka Nuna

A Affala, kamar sauran garuruwan arewacin Adar, ba tuwon dare ne ke rufe ciki ba. Bayan isha'i akwai sauran fura a ƙwarya, ga shayi a kan gawayi har zagaye uku. Mai ciwon sukari na zaune a tsakiyar wannan hira, shawarwari biyu na jan sa. Wannan ya ce, "Baba, kada ka kwana da ciki wayam, sukari zai faɗi." Wancan ya ce ai abin da ya taɓa da dare ne ke tayar masa da lamba da safe. Kowannensu na da gaskiya, sai dai ba a kan majinyaci ɗaya ba.

Kafin a shiga gardamar, sai an daidaita mudu. Takardar gwaji daga asibitin Tawa da giram a kowace lita take magana, ka ga an rubuta 1,26. Na'urar da ɗan cin rani ya kawo tsaraba daga Najeriya kuwa tana iya nuna 126, wata ma 7.0. Duk ukun abu guda ne: 126 ɗin miligiram ne, 7.0 kuma milimol, wanda idan ka ninka shi sau 18 zai ba ka 126. Wannan lamba ita ce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa: wanda aka auna kafin ya ci komai, aka samu 1.26 ko fiye, aka sake aunawa wata rana aka tabbatar, yana da ciwon sukari. Ga wanda ke kan magani, ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka na so lambar safe ta tsaya tsakanin 0.80 da 1.30 ga yawancin manya. Ƙasa da 0.70 faɗuwa ce, ƙasa da 0.54 kuma haɗari ne na gaggawa.

Masu fama da wannan lissafi ba kaɗan ba ne. Binciken STEPS da aka yi a Nijar a 2007 ya sami kashi 4.3 cikin 100 na manya da ciwon. A 2021 tarayyar ƙungiyoyin ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta manya miliyan 24 a yankinta na Afirka, kashi 54 cikin 100 ba su ma san suna da shi ba.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne a kwanta da 1.20, ba a ci komai ba, a tashi da 1.45. Ruwa ba ya tsami banza. Hanta rumbu ce, cikin dare takan riƙa sakin sukari kaɗan-kaɗan don jiki kada ya rasa. Daga wajen ƙarfe 3 zuwa hantsi jiki na fitar da sinadaran da ke shirya mutum ya farka, su kuma suna rage wa insulin ƙarfi. Mai lafiya sai jikinsa ya ƙara insulin, lamba ta tsaya. Mai ciwon sukari ba ya iya wannan ƙarin. Tun 1981 likitoci suka raɗa wa abin suna, tashin alfijir. A 2013 Louis Monnier na Montpellier a Faransa da abokan aikinsa suka auna shi a jikin mutum 248 masu ciwon sukari nau'i na biyu waɗanda ba sa allura. Matsakaicin tashin ya kai 0.16, kuma yana ƙara kusan 0.4 a kan gwajin HbA1c, wato gwajin da ke nuna yadda sukari ya kasance cikin wata uku. Ga wanda ke ƙoƙarin sauka ƙasa da kashi 7, wannan 0.4 ba abin rainawa ba ne.

Daga nan ne aka samo dabarar cin ɗan abu kafin barci: wai idan ciki bai daɗe wayam ba, hanta ba za ta buɗe rumbu sosai ba. Magana ce mai daɗin ji, amma da aka gwada ta ba ta tsaya da ƙafafunta ba. A 2020 masu bincike a Kanada suka sa mutum 15 masu nau'i na biyu su bi hanya uku ɗaya bayan ɗaya: ƙwai biyu kafin barci, ko yogot, ko a kwanta haka nan. Ƙwai ya fi yogot kyan sakamako da safe, amma babu wanda ya fi kwanciya haka nan a cikinsu. A 2022 wasu a Ostareliya suka tattara bincike 16 kan wannan tambaya, ba su sami hujjar da za ta sa a ba mai nau'i na biyu wannan shawara ba. Mutum 15 ba yawa ba ne, kuma a cikinsu babu mai shan furar gero. Duk da haka, wanda metformin kaɗai yake sha, maganin da da wuya ya kayar da sukari shi kaɗai, ba shi da dalilin tilasta wa kansa ci da dare.

Labari ya sha bamban ga mai allurar insulin da mai shan glibenclamide. Su faɗuwar dare ce abin tsoronsu, domin barci na ɓoye alamun. A babban binciken DCCT da aka yi a Amurka da Kanada kan masu nau'i na ɗaya, kashi 55 cikin 100 na mummunar faɗuwa cikin barci ta auku. Insulin NPH, mai kama da ruwan nono a kwalba, ƙarfinta na kai ƙololuwa awa 4 zuwa 10 bayan allura. Wanda ya yi ta ƙarfe 9 na dare, ke nan daga ƙarfe 1 ya shiga lokacin haɗari. Wani gwaji a Montreal a 2003, shi ma kan mutum 15 masu yin NPH da dare, ya ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa: idan lambar kwanciya ta haura 1.80 ba a bukatar cin komai, tsakanin 1.26 da 1.80 a ɗan taɓa wani abu, ƙasa da 1.26 kuwa lalle a ci. Da damina, ranar da aka wuni ana noma, sai a ƙara lura, don gajiyar rana na iya kayar da sukari tsakar dare.

Akwai tsohuwar koyarwa mai ɗauke da sunan Michael Somogyi, wadda ta ce faɗuwar dare ce ke sa jiki ya rama har lamba ta yi sama da safe. Na'urorin da ke auna sukari dare da rana sun nuna ba kasafai hakan ke faruwa ba; galibi wanda ya faɗi da dare, da ƙaramar lamba yake tashi.

Sai kuma abin da ake kira "ɗan abu". A littattafan likitoci giram 15 ne na sitaci ko sukari, kwatankwacin ƙwayar sukarin kwali uku. Garin gero giram 100 na ɗauke da kusan giram 70, wato ninki huɗu da ɗoriya, tun ba a zuba sukari a ƙwaryar ba. Gaskiya ne sitacin gero bai kai sukari saurin shiga jini ba, amma zai shiga. Don haka ƙwaryar fura bayan tuwo abincin dare ne na biyu. Ƙwai ɗaya bai kai giram 1 ba. Gyaɗa cikin tafin hannu, giram 30, wajen giram 5 ce. Cuku, wanda yankin Tawa ya yi suna da shi, shi ma a wannan sahu yake. Sai dai a kula: idan sukari ya riga ya faɗi, gumi da rawar jiki sun zo, ƙwai da gyaɗa ba sa ceto. A nan sukarin ne magani, ƙwaya uku a ruwa, a jira minti 15 a sake aunawa.

Lambar safe ita kaɗai ba ta faɗa maka ko wane rukuni kake. Gani ya kori ji: a auna lokacin kwanciya, a auna wajen ƙarfe 3, a auna da asuba kafin a sa komai a baki. Idan ta ƙarfe 3 na nan daidai, ta asuba ta hau, alfijir ne, kuma ƙarin ci ba ya gyara shi. Idan ta ƙarfe 3 ta yi ƙasa da 0.70, magani ya yi yawa ko cimar ta yi kaɗan. Idan tun kwanciya lambar na sama, a waiwayi ƙwaryar fura da butar shayi.

Takardun gwaji na da tsada, na sani, kuma daga ƙauyukan Affala zuwa kantin magani a Tawa tafiya ce. A ganina, tara daga cikinsu da aka kashe a dare uku sun fi talatin da aka kashe kowace safiya amfani. Ka rubuta lambobin tare da abin da ka ci da lokacin da ka sha magani, ka kai wa ma'aikacin lafiyar da ke duba ka. Kada ka rage allura ko ka ƙara da kanka.