Kogon Ogbunike: Matakala 317 zuwa gindin kwari, da jiran da aka faro tun 2007

Matafiyin da ya bar Anacha ya nufi Awka ba zai yi nisa ba zai iske mararrabar da ke shiga Ogbunike, wani ƙaramin gari a Ƙaramar Hukumar Oyi ta Jihar Anambra. Daga bakin titi babu abin da ke nuna cewa garin ya bambanta da maƙwabtansa. Sai an ratsa unguwanni an kai inda gidaje suka ƙare ake ganin ƙasa ta rufta zuwa wani kwari mai duhun itatuwa, kuma a gindin wannan kwari ne kogon da ya fitar da sunan garin yake.

Tsofaffin ma'aikatan Majalisar Tarayya sun san sunan Ogbunike ta wata fuskar. Nan ne garin asalin marigayi Dokta Chuba Okadigbo, mai ba Shugaba Shehu Shagari shawara kan harkokin siyasa a Jamhuriya ta Biyu, wanda ya shugabanci Majalisar Dattawa daga 1999 zuwa 2000, ya kuma tsaya wa Janar Muhammadu Buhari takarar mataimaki a jam'iyyar ANPP a 2003. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa ba su taɓa jin cewa garin nasa na ɗauke da ɗaya daga cikin wuraren da Najeriya ta gabatar wa hukumar UNESCO ba.

Gangarawa

Ana isa bakin kogon ne ta matakala masu hawa 317, waɗanda gwamnatin Jihar Anambra ta gina a tsakiyar shekarun 1990. Kafin nan, ta turba mai santsi mutane ke bi suna kama saiwoyi. Yayin da ake sauka, ƙarar motoci na raguwa, iska na ƙara laima, rassan manyan itatuwa kuma suna haɗuwa a sama har rana ta daina isowa ƙasa sosai. Saukar ba ta da wuya. Hawan dawowa ne ke gwada ƙirjin wanda ya saba wuni a kan kujerar ofis, don haka masu hawan jini ko ciwon gwiwa ya kamata su yi lissafin hutawa a hanya.

A ƙasa akwai fili, kuma a nan ne baƙo ke cin karo da dokar farko: kowa sai ya cire takalmi kafin ya shiga. Al'adar garin ta kuma hana mace mai jinin al'ada shiga ciki. Mutanen Ogbunike na ɗaukar wurin a matsayin mai tsarki, kuma waɗannan ƙa'idoji sun girmi matakalan da shekaru masu yawa. Baƙon da ya zo da wata fahimta ta daban ba a neman ya sauya imaninsa, abin da ake nema shi ne ya mutunta dokar masu gida.

Bakin kogon wani makeken zaure ne da aka ƙiyasta tsayinsa zuwa sama da mita 5, faɗinsa mita 10, zurfinsa kuma kimanin mita 30. Daga wannan zaure hanyoyi kusan 10 suka rarrabu zuwa sassa dabam-dabam na cikin dutsen. Wasu mutum na iya bi a tsaye, wasu sai an sunkuya, wasu kuwa sai da rarrafe, gwiwa da tafin hannu a cikin danshi. Hanyoyin na haɗuwa da juna a wurare da dama, shi ya sa ba a shiga sai da ɗan jagora daga cikin 'yan garin. Da an yi 'yan taku daga zauren haske ke ɗaukewa, sai tocila. A sama jemagu ne birjik, ana jin kukansu da warin kashinsu tun kafin a gan su.

Ruwa na tsattsafowa daga bango yana bin ƙasa a wasu lungunan. Wanda ya jure ya bi hanyar har ƙarshe zai ɓulla a gefen rafin Nkisa, inda ruwan da ke fitowa daga kogon ke zuba. A daidai mahaɗar, mai tsayawa cikin ruwa yakan ji ɗumin na kogon a ƙafa ɗaya da sanyin na rafin a ɗayar. Wannan ne abin da mafi yawan baƙi suka fi tunawa bayan sun koma gida.

Yadda ruwa ya sassaƙa dutse

Shahararrun kogunan dutse na Turai da Amurka galibi a cikin dutsen farar ƙasa suke. Ruwan sama mai ɗan tsami na narkar da irin wannan dutse sannu a hankali, sa'annan ɗigon ruwan ya bar ma'adinin da ke taruwa ya zama tsinkaye masu reto daga rufi da ginshiƙai masu tasowa daga ƙasa. Kogon Ogbunike kuwa a cikin dutsen yashi yake. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya riƙa bin tsagogi yana sassauta abin da ya riƙe ƙwayoyin yashin, yana kwashe su kaɗan-kaɗan cikin dubban shekaru har ramuka suka buɗe. Saboda haka baƙo ba zai ga waɗancan tsinkaye ba. Abin da zai gani bango ne mai launin ja da ruwan ƙasa, mai laushin da ko farce na iya karce shi.

Laushin nan matsala ce. Baƙi da dama sun kankare sunayensu da ranar zuwansu a jikin bangon, kuma abin da aka kankare a dutsen yashi ba ya gyaruwa. Ga kuma zaizayar ƙasa, wadda Jihar Anambra ta yi ƙaurin suna da ita, kamar yadda manyan kwazazzaban Nanka da Agulu suka shaida. Dajin da ke kewaye da kogon, mai faɗin kimanin hekta 20, shi ke riƙe da ƙasar kwarin da saiwoyinsa. Idan gine-gine da sarar itace suka ci dajin, ruwan damina zai sami hanyar kwararowa da ƙarfi, kuma matakalan da bakin kogon ne za su fara shan wahala.

Abin da mutanen gari ke faɗi

Labarin baka na garin ya ce wani maharbi mai suna Ukwa ne ya fara gano kogon. Domin tunawa da wannan ake yin bikin shekara-shekara da ake kira Ime Ogba. Dattawa na kuma ba da labarin zamanin da ake kai wanda ake zargi da babban laifi cikin kogon domin ya rantse ya wanke kansa, bisa imanin cewa mai ƙarya ba zai fita lafiya ba. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sa'adda aka gwabza ƙazamin faɗa a kewayen Anacha, an ruwaito cewa mutane sun fake a cikinsa. Har yau akwai masu zuwa domin addu'a da ɗibar ruwansa, ba domin yawon buɗe ido ba. Duk wani shiri na raya wurin da bai sa waɗannan mutane cikin lissafi ba zai gamu da turjiya tun daga bakin matakala.

Jemagu da lafiyar baƙo

A 1994 wasu masu bincike na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka suka wallafa cewa sun gano wata ƙwayar cuta ta dangin funfuna a cikin ƙasar kogon da ta gauraya da kashin jemagu. Ƙwayar ce ke haddasa nau'in Afirka na cutar da likitoci ke kira histoplasmosis, wadda kan taɓa fata da ƙashi. Ana kamuwa da cututtukan wannan dangi ne ta shaƙar ƙura, kuma mafi yawan masu cikakkiyar lafiya ba sa nuna wata alama. Haɗarin ya fi yawa ga masu raunin garkuwar jiki. Hanyar kiyayewa mai sauƙi ce: a sa takunkumin hanci, a guji tayar da ƙura ko taɓa jemagu, a wanke hannu da ƙafa bayan fitowa. Allo guda a bakin shiga da ke bayyana wannan da Turanci da Ibo zai yi aikin da ya fi kuɗinsa.

Shekarun jira

Najeriya ta amince da yarjejeniyar UNESCO ta kare kayan gado na duniya a 1974. Wurare biyu ta samu suka shiga babban jerin: tsaunin Sukur na Jihar Adamawa a 1999, da dajin Osun da ke Osogbo a 2005. A 2007 Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa ta shigar da kogon Ogbunike cikin jerin share fage, tare da ganuwar Kano, da kufan Surame, da tsaunukan Idanre, da sassaƙaƙƙun duwatsun Ikom, da hanyar bayi ta Arochukwu.

Shiga jerin share fage sanarwar niyya ce kawai. Kafin wuri ya haye babban jerin, dole ƙasa ta haɗa cikakken kundi mai ɗauke da taswirar iyakoki, da yankin kariya da ke kewaye, da dokar da ta kare wurin, da tsarin kula da shi, da hujjar cewa darajarsa ta shafi duniya baki ɗaya. Daga nan ƙwararru su zo su duba da idonsu, kwamitin ƙasashe 21 ya yanke hukunci. Mafi yawan wannan aiki na tebur ne da kasafin kuɗi, wato irin aikin da ake yi ko ake bari a ofisoshin Abuja.

Rabon iko ma ya ƙara wa lamarin sarƙaƙiya. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da ke tsakanin Gwamnatin Tarayya da Jihar Legas cewa ikon tarayya a wannan fanni ya tsaya ne ga shige da ficen masu yawon buɗe ido, tsara harkar otal-otal da makamantansu kuma na jihohi ne. Ke nan jiha ce ke da hurumin raya wuri irin Ogbunike, tarayya ce kaɗai ke iya magana da UNESCO, al'ummar gari kuma su ne masu riƙe da al'adar da ta ba wurin kima. A matakin tarayya ma fannin bai zauna wuri guda ba: an ba yawon buɗe ido ma'aikatarsa ta kansa a 2023, aka sake haɗe ta da ta fasaha da al'adu a watan Oktoban 2024. Duk sauyi irin wannan na nufin sabbin sassa da sabbin shugabanni, da fayil ɗin da sai an sake gabatar da shi daga farko.

Darasi daga ƙetare

Garin Postojna na ƙasar Sulobeniya ƙarami ne, amma kogonsa na karɓar baƙi a hukumance tun 1819. An shimfiɗa masa layin dogo a ciki a 1872, aka sa masa wutar lantarki a 1884, kuma otal-otal da gidajen abinci na garin sun daɗe suna cin gajiyarsa. A Faransa kuwa, kogon Lascaux mai zanen mutanen da, wanda aka gano a 1940 aka buɗe wa jama'a a 1948, dole aka rufe shi a 1963 saboda numfashi da ɗumin jikin baƙi sun fara lalata zanen. Sai da aka gina kwafinsa a kusa, aka buɗe a 1983.

Misalan biyu na nuna cewa kogo na iya ɗaukar nauyin gari, kuma cunkoso marar tsari na iya kashe shi cikin shekara 15. Ogbunike ba ya buƙatar jirgin ƙasa. Abubuwan da za su amfane shi sun fi haka araha: ƙayyade yawan masu shiga a lokaci guda, horar da 'yan jagora, rasit na hukuma ga kuɗin shiga, makama mai ƙarfi a gefen matakala, banɗaki da kwandon shara a sama, da fitilu marasa zafi a inda ba za su kori jemagu ba.

Ga mai niyyar zuwa

Ma'aikacin da ke shirin hutun shekara na iya bin mota daga Abuja ta Lokoja, ko dai ya bi ta Okene da Auchi da Asaba ya haye Kogin Neja zuwa Anacha, ko ya bi ta Ajaokuta da Obollo Afor ya ɓullo ta Awka. Tafiyar wuni ce, kuma gara a yi ta da rana. Mai jirgi na iya sauka a Asaba ko a filin jirgin Chinua Achebe da ke Umueri, wanda ya fara aiki a 2021. Daga kowanne cikinsu garin ba shi da nisa.

Lokacin rani, daga Nuwamba zuwa Maris, ya fi dacewa, domin da damina matakalan na santsi kuma rafin Nkisa na cika. Zaman gida na ranar Litinin da aka fara tilasta wa jama'ar Kudu maso Gabas a watan Agustan 2021 ya rage zirga-zirga a wannan rana tsawon shekaru, don haka yana da kyau a tuntuɓi abokin aiki ɗan yankin kan halin tsaro kafin a kama hanya. A tafi da tocila mai ƙarfi, da tufafin da ba a jin ƙyashin su ɓaci, da na canji, da ruwan sha, da leda mai kare waya daga jiƙewa. A daidaita da ɗan jagora kan ladansa tun a sama, kuma a nemi izini kafin ɗaukar hoton masu ibada.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Daraktan da ya taɓa hawa matakalan nan 317 yana haki, ya ga sunayen da aka kankare a bango da ledojin da aka yar a bakin Nkisa, zai karanta takardar neman kuɗin haɗa kundin Ogbunike da wani ido dabam ranar da ta iso teburinsa.