Rububin Tara Harsasai a Gidajen Amurka: Musabbabi da Abin da Ya Haifar

A yawancin jihohin Amurka ana sayar da harsashi a kanti kamar yadda ake sayar da ƙusa da fenti. Na ƙaramar bindiga yakan zo hamsin-hamsin cikin ɗan kwali, kwali ashirin kuma su cika katan guda mai harsashi 1,000, wanda nauyinsa ke kaiwa kilo 12 idan samfurin milimita tara ne. Dokar tarayya ba ta ƙayyade yawan da mutum zai saya ko ya ajiye a gida ba. Ta dai hana dillali sayar da na doguwar bindiga ga wanda bai kai shekara 18 ba, na ƙarama kuma ga wanda bai kai 21 ba, sannan ta haramta shi ga wanda aka haramta wa riƙe bindiga. Wata dokar tarayya ta 1968 ta taɓa wajabta wa dillalai rubuta sunan mai saye a littafi, amma gyaran da majalisa ta yi a 1986 ya soke wannan sharaɗi ga harsasai na yau da kullum.

Ƙasar kuwa cike take da bindigogi. Cibiyar Small Arms Survey da ke Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindiga miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2008 Kotun Ƙoli, a shari'ar Heller, ta tabbatar da cewa tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa 'yancin ajiye bindiga a gidansa don kare kai. Tunda bindiga ba harsashi sanda ce, tambayar da ba ta ƙarewa tsakanin masu ita ita ce: nawa ne ya isa shirin ko-ta-kwana? Amsar da ta fi yawo a bakinsu ita ce harsashi dubu ga kowane samfurin bindiga da ke gidan. Babu wani bincike a bayan wannan adadi. Girman katan ne kawai ya zama ma'auni.

Abin da aka sani game da kare gida bai goyi bayan dubun ba. Masaniyar tattalin arziki Lucy Allen ta bi labaran kare kai da ƙungiyar masu bindiga ta NRA ke tattarawa da kanta, ta lissafa harbin da aka yi a ɗaruruwan aukuwa tsakanin 2011 da 2017, ta tarar matsakaicinsa bai wuce harbi biyu da 'yan kai ba. An gabatar da wannan lissafi a kotuna da dama. Masu adawa da shi sun ce labaran jarida ba su cika faɗin adadin harbi daidai ba, kuma suna da gaskiya gwargwado. Sai dai su kansu masu koyar da harbi suna da wata magana da suke maimaitawa, cewa arangama da ɗan fashi takan ƙare cikin taku uku, harbi uku, daƙiƙa uku. Gidan harsashi guda na ƙaramar bindiga irin ta zamani yana cin goma sha biyar zuwa sha bakwai. Ke nan abin da ke cikin bindigar, da wani gidan harsashi ɗaya ko biyu a gefe, ya riga ya zarce abin da kusan kowace irin wannan arangama ke ci.

Inda harsashi ke tafiya da gaske shi ne filin koyon harbi. Mutum ɗaya yakan ƙone kwali biyu zuwa huɗu a fita guda, kuma kwas na kwana biyu yana iya cinye rabin katan ko fiye. Wanda ke zuwa fili sau ɗaya a wata zai ga ƙarshen katan kafin shekara ta zagayo. Ga irin wannan mutum, sayen katan sari ne, domin ya fi araha. Wannan buƙata ce tsayayya wadda masana'antu suka san girmanta. Abin da ke girgiza kasuwa dabam ne: sayen tsoro.

Sau uku a cikin shekara goma sha biyu kantuna suka wayi gari fayau. Na farko ya biyo bayan zaɓen Barack Obama a Nuwamban 2008, lokacin da masu bindiga suka ɗauka sabuwar gwamnati za ta tsaurara doka. Na biyu ya zo bayan kisan makarantar Sandy Hook a jihar Konetikat ranar 14 ga Disamba 2012, inda aka kashe yara ashirin da manya shida. Ana fara maganar sabuwar doka a Washinton sai jama'a suka yi wa kantuna tsinke. Dokar ba ta tsallake majalisar dattawa ba, amma ƙaramin harsashin nan samfurin .22, mafi araha duka, wanda ake koya wa yara harbi da shi kuma ake farautar zomo, ya yi shekaru yana wuyar samu. A lokacin an saba ganin mutane sun yi layi tun da asuba a sashen kayan farauta na manyan kantuna, sun san ranar da motar kaya ke saukewa, kowa ya karɓi kwali biyu ko uku da aka ƙayyade masa, wasu su juya su sayar a intanet da ninkin kuɗi. Duk wanda ya taɓa kwana a layin gidan mai ya san wannan lissafi: ganin layin ne ke sa mai rabin tanki shi ma ya shiga.

Na uku, na 2020, ya fi su duka. Annobar korona, da zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd a watan Mayu, da zaɓen shugaban ƙasa mai zafi, duk sun haɗu a shekara guda. Hukumar FBI ta yi binciken cancantar masu neman bindiga kusan miliyan 39.7 a shekarar, adadin da ba a taɓa gani ba, ƙungiyar masana'antar makamai ta NSSF kuma ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 8.4 ne suka sayi bindigarsu ta farko. Shugaban kamfanin Federal, Jason Vanderbrink, ya fito a bidiyo a ƙarshen shekarar yana yi wa masu zargin kamfanoni da ɓoye kaya lissafi: idan sababbin masu bindiga miliyan bakwai suka sayi kwali biyu-biyu kawai, an nemi ƙarin harsashi miliyan 700 ke nan. Wannan kafin tsofaffin masu saye su ninka nasu.

Masana'antu ba sa iya amsa irin wannan kira cikin gaggawa. Harsashi haɗin abu huɗu ne: kwanson tagulla, da albarushi, da kan dalma, da 'yar hular da ke gindinsa wadda ke tayar da wuta idan an buge ta. Wannan hula ita ce maƙogwaron sana'ar, domin sinadarinta mai haɗari ne, kuma a lokacin manyan masu yin ta a cikin ƙasar huɗu ne kacal: Federal, CCI, Remington da Winchester. Ana tsakiyar rububin sai Remington ya durƙushe a watan Yulin 2020, masana'antarsa ta jihar Akansas ta yi sanyi, har kamfanin Vista Outdoor ya saye ta kan dala miliyan 81.4. A watan Nuwamba Vista ya sanar cewa odar da ke jiran sa ta haura ta dala biliyan ɗaya. Kamfanonin sun ƙara ma'aikata da awannin aiki, amma sun yi ɗari-ɗari da gina sababbin masana'antu, don sun tuna yadda kasuwa ta faɗi bayan zaɓen Donald Trump a 2016, lokacin da tsoron doka ya kwanta kaya suka yi kwantai. A watan Agustan 2021 kuma gwamnatin Biden ta sanya takunkumi kan shigo da harsasan Rasha, waɗanda su ne masu araha a kasuwa.

Tsoron ba duka ne na banza ba, kuma adalci ne a faɗi haka. A tarzomar Los Anjalas ta 1992 hukumomin birnin sun dakatar da sayar da harsashi, a daidai lokacin da 'yan kasuwa 'yan asalin Koriya ke gadin shagunansu daga kan rufi domin 'yan sanda ba su zo ba. Bayan guguwar Katrina a 2005 jami'ai sun ƙwace bindigogin mazauna Niyu Olins, abin da ya sa majalisa ta yi doka a 2006 ta hana irin wannan ƙwace a lokacin bala'i. Waɗannan su ne hujjojin da masu tarawa ke kawowa. Amma ko a waɗannan wurare biyu, kwanaki kaɗan aka yi ana ɗar-ɗar, kuma abin da ya fi kashe mutane a Katrina ruwa ne da rashin magani da zafi. Akwai kuma jita-jita zalla, kamar ta 2013 cewa ma'aikatar tsaron cikin gida na saye harsashi biliyan 1.6 don ta busar da kasuwa. Ofishin binciken kuɗi na majalisa ya duba a 2014, ya tarar sayen ma'aikatar raguwa ma ya yi tun daga 2009.

Sakamako na farko a aljihu aka ji shi. Harsashin milimita tara da ake samu kan kusan santi 20 kafin annobar ya ninka wajen sau uku a farkon 2021. Maharba sun shiga lokacin farautar barewa suna yawon neman kwali guda. Ƙananan rundunonin 'yan sanda sun yi watanni suna jiran oda, wasu suka rage atisaye. Abin da ya fi ban takaici ya faɗa kan sababbin masu bindiga: sun saye ta don tsoro, ba su sami abin koyon harbi ba, wanda ya samu kuma ya ƙi ƙonawa don kada ya rasa. Gida mai katan uku a ƙarƙashin gado da mai gida wanda bai taɓa zuwa fili ba, bai fi tsaro da komai ba.

Akwai waɗanda suka ci riba bayan kamfanoni. Tun 1937 dokar Pittman-Robertson ke ware harajin da ake karɓa kan harsashi, wanda yanzu yake kashi 11 cikin ɗari, ana raba kuɗin ga jihohi don kula da namun daji da dazuzzuka. Rububin 2020 da 2021 ya kai wannan asusu sama da dala biliyan ɗaya a shekara, ko da yake yawancin masu sayen ba maharba ba ne.

Ta fuskar haɗari, gobara ce ake yawan ambata, alhali ita ce mafi sauƙi. Harsashin da ba ya cikin bindiga idan wuta ta kama shi fashewa yake yi ɗaya-ɗaya ba da ƙarfin harbi ba, ko da yake jihar Masacusets na neman izinin hukumar kashe gobara idan ajiyar ta wuce wani adadi. A wuri mai sanyi marar laima, cikin akwatin ƙarfe mai roba a murfi, harsashi yana yin shekaru gommai bai lalace ba, don haka abin da aka tara yana nan har ya faɗa hannun magada ko ɓarayi. Babban haɗarin yana cikin gidan ne. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, fiye da rabinsu kashe kansu suka yi. Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ke ba da shawarar a kulle bindiga babu harsashi a cikinta, a kulle harsashin a wani wuri dabam, shawarar da ke karo da tunanin mai son kome ya kasance kusa da hannu da tsakar dare.

Sauƙin saye da yawa ya kuma amfani masu mugun nufi. Wanda ya buɗe wuta a gidan sinima na Orora a jihar Kolorado a 2012 ya sayi harsashi sama da 6,000 ta intanet ba tare da kowa ya tambaye shi ba. Na Las Begas a 2017 ya harba fiye da 1,000 cikin kusan minti goma. Irin waɗannan ne suka sa kantunan Walmart suka daina sayar da harsashin ƙaramar bindiga a 2019, jihar Kalifoniya ta fara binciken cancanta ga mai sayen harsashi a Yulin shekarar, Niyu Yok ta bi sahu a 2023. Dokar Kalifoniya tana ta kai da komowa a kotu, a ƙarar da Kim Rhode, gwanar harbi mai lambobin Olamfik shida, ke kan gaba. Kowace sabuwar doka kuma takan haifar da nata ƙaramin rububin kafin ranar fara aiki.

Wasu ƙasashe sun yanke tambayar da doka. Afirka ta Kudu ta ƙayyade harsashi 200 ga kowace bindiga mai lasisi, ban da maharba da 'yan wasan harbi masu rajista. Suwizalan, wadda sojojinta ke ajiye bindigar aiki a gida, ta daɗe tana ba kowannensu gwangwani rufaffe mai harsashi 50 don ranar da yaƙi zai ɓarke ba zato. A 2007 ta daina, ta kuma umarci a mayar da gwangwanayen rumbun soja.