Ƙofar maza, ƙofar mata, da wanda ya tsaya tsakani

Mallawa ƙasa ce ta bakin iyaka. Tana cikin gundumar Dungas, wadda aka cire daga Magarya a shekarar 2011, a kudancin jihar Damagaram, kuma kudu da ita akwai jihar Jigawa ta Najeriya. Manoma da makiyaya da fatake ba su rabuwa da hanya, musamman masu kai dabbobi babbar kasuwar Maigatari ta ran Alhamis. To, duk inda jama'a ta taru ta wuni, a kasuwa ne ko a tasha ko a asibiti, akwai wata bukata da ba ta jiran kowa, watau zagayawa. Idan hukuma ta gina salanga a irin waɗannan wurare, kashi biyu takan yi ta, ɓangaren maza da ɓangaren mata. Wannan tsari ya dace da addini da al'ada, kuma ya wadatar da mafi yawan mutane. Amma akwai ƴan tsiraru da kan tsaya a gaban ƙofofin nan biyu suna wasiwasi, domin kowace suka nufa akwai abin da ke jiransu.

Su wa ake nufi?

Kalmomi uku ne ake cakuɗawa, alhali kowace da ma'anarta. Na farko akwai mata-maza, wanda aka haifa da halittar da ba ta bayyana sarai ba, ko ta namiji ce ko ta mace. Wannan lamari ne na halitta, babu zaɓin mutum a ciki. Na biyu akwai ɗan daudu, namijin da ya ɗauki magana da tafiya da sana'ar mata. Na uku kuwa su ne waɗanda ake kira masu sauya jinsi, waɗanda aka haifa maza suka koma rayuwar mata ɗungum, da suna da sutura, wasu har da magani ko aikin likita, wasu ƙasashe kuma suna sauya musu takardun shaida.

Ƴan daudu ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Masu bincike suna danganta sunan da Ɗan Galadima, ɗaya daga cikin iskokin bori, da yake Daudu kirarin Galadima ne. An san su da dafa abincin sayarwa a tashoshi da kasuwanni, da iya habaici, da kiran juna ƙawa ko uwa. Wani malamin jami'a ɗan Amurka, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano, ya kuma wallafa littafi a kansu a shekarar 2009. Abin da ya nuna shi ne yawancinsu suna ɗaukar kansu maza ne, da dama suna aure suna haihuwa, suna salla a sahun maza, suna zuwa aikin hajji. Saboda haka kuskure ne a ɗauko hukuncin da aka yanke a Turai kan masu sauya jinsi a ɗora shi kacokan a kan ɗan daudun tasha. Abin da ya haɗa su guda ne: kamanninsu kan jawo musu ido a bakin ƙofar makewayi.

Yadda aka yi gardamar a wasu ƙasashe

A watan Maris na 2016, jihar Karolina ta Arewa a Amurka ta kafa doka cewa a gine-ginen gwamnati da makarantunta kowa ya shiga makewayin da ya dace da jinsin da ke rubuce a takardar haihuwarsa. Ƙasa ta rabu biyu. Kamfanoni da mawaƙa suka ƙaurace wa jihar, hukumar ƙwallon kwando ta NBA ta ɗauke babban wasanta na 2017 daga birnin Shalot ta kai shi Niyu Olins, kuma a watan Maris na 2017 aka soke wannan sashe na dokar. A Birtaniya, ranar 16 ga Afrilu 2025, Kotun Ƙoli ta yanke cewa kalmar mace a cikin dokar daidaito ta 2010 tana nufin wadda aka haifa mace, hukuncin da ya sa ma'aikatu da asibitoci sake duban tsarin makewayansu. Indiya ta bi wata hanya dabam. Kotun Ƙolinta ta amince da jinsi na uku a shekarar 2014, sa'an nan a 2017 gwamnati ta ba da umurnin a bar su su shiga makewayin jama'a da suka zaɓa.

Kowane ɓangare yana da hujjar da ba a iya watsarwa. Mata suna cewa makewayi wuri ne da mace take kwance zane, ba ta da kariya, don haka tana da haƙƙin kada ta haɗu da mai jikin namiji a ciki. Masu sauya jinsi kuma suna cewa idan suka shiga ɓangaren maza da suturar mata, zagi da duka ke jiransu. Duka maganganun biyu suna nuni ga abu ɗaya, watau tsoron tozarci a lokacin da mutum ya fi kowane lokaci bukatar sutura.

A makwabta abin ya ɗauki wani salo. A shekarar 2000, lokacin da jihohin arewacin Najeriya ke ƙaddamar da shari'a, jihar Kano ta kafa doka mai hukunta namijin da ya kwaikwayi mata a sutura ko ɗabi'a da ɗaurin shekara guda ko tara. A watan Agusta na 2007 an kama maza 18 a Bauchi bisa zargin shigar mata. Irin waɗannan matakai sun sa ƴan daudu da dama sun rage fitowa fili, wasu sun bar garuruwansu. Sai dai doka tana iya hana mutum ɗaura zane, ba ta iya hana shi jin fitsari. Duk abin da alƙali ya yanke, mai sayar da abincin da ya wuni a tasha dole ya zagaya.

Abin da malaman fikihu suka riga suka duba

Wanda ya yi zaton wannan tambaya daga Turai ta fito, bai leƙa littattafan zaure ba. Malaman fikihu sun daɗe da tattauna hukuncin mata-maza, wanda suke kira hunsa. Abin lura shi ne alamar farko da suka kafa don gane jinsinsa ita ce mafitar fitsari, sa'an nan alamomin balaga irin su gemu ko jinin al'ada. Idan alamomi suka ƙi bayyana, sai a kira shi mai rikitarwa, a ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace a gado. Da wannan mas'ala ce Muhtasar na Shehu Halilu, littafin da manyan ɗalibai ke karantawa a Damagaram da Kano da Katsina, ya rufe. A wajen salla kuma, malamai sun tsara masa wuri tsakanin sahun maza da na mata. Ba su kore shi daga masallaci ba, wuri suka yi masa.

Game da namiji mai ɗabi'ar mata kuwa, Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo labarin wani irinsa da ke shiga wajen iyalan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da aka ji yana siffanta jikin wata mace ga wani namiji, sai aka hana irinsu shiga wajen mata. Daga nan malamai suka fahimci cewa sirrin mata abin tsarewa ne, kuma sun bambanta wanda haka aka halicce shi da wanda ya ɗora wa kansa. Darasi biyu ke nan a haɗe: a kiyaye wa mata wurinsu, kuma a yi wa wanda ya faɗa tsakani tanadi.

Babbar matsalar ita ce rashin salangar kanta

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Amurka ana gardama a kan ƙofar da za a shiga, a ƙauyukan Magarya da Dungas kuwa sau da yawa babu ƙofar ma. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ta nuna cewa a shekarun baya-bayan nan kusan mutum biyu cikin uku a Nijar a fili suke bayan gida, kuma a karkara abin ya fi haka. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Kwalara ta ɓarke a Madarunfa a 2018, ta sake dawowa a 2021 ta taɓa jihohi da dama, har da Maraɗi da Damagaram. Ruwan sama kan kwashe ƙazanta ya zuba a tafki da rijiya, ƙuda kuma ya ɗauka ya kai kan fura da nama.

Mata ne suka fi shan wahalar wannan rashi. Macen da ta zo cin kasuwa takan ƙi shan ruwa don gudun matsuwa, ta daure har magariba, abin da ke jawo ciwon mara da na mafitsara. Ɗan daudu ma cikin wannan hali yake. Idan ya shiga wajen maza, samari su yi masa ature, idan ya karkata wajen mata, a yi masa ihu. Sai ya zaɓi bayan katanga ko gindin kuka, kusa da inda yake dafa abincin da matafiya za su ci. Ta haka wulaƙancin da aka yi wa mutum ɗaya yakan koma cutar jama'a.

Maganin yana hannun magini

Gardamar ƙasashen waje ta tsananta ne saboda irin gininsu: babban ɗaki guda mai ƙananan ɗakuna a ciki, inda mutane ke haɗuwa wajen wanke hannu. Salangar ƙasar Hausa ba haka take ba. Rami ne da murfin siminti da ɗaki mai ɗaukar mutum ɗaya, ya shiga da butarsa ya rufe. Wannan tsari ya riga ya warware rabin matsalar. Abin da ya rage shi ne idan ƙaramar hukuma za ta gina ta kasuwa ko ta tasha, ta ware ɓangaren mata da katangar kariya da mashigarsa dabam, ta yi na maza a ɗaya gefen, sa'an nan ta ƙara ɗaki guda mai zaman kansa, mai faɗi, ƙofarsa na kallon fili, ba a rubuta masa maza ko mata ba.

Wannan ɗaki na uku ba na ƴan daudu kaɗai ba ne, kuma bai kamata a laƙaba masa sunansu ba, don kada ya zama abin nuni. Gurgu mai keke yana bukatarsa. Makahon da jikarsa ke yi wa jagora yana bukatarsa, haka tsohuwar da ɗanta ya kawo asibiti, da uban da ya zo kasuwa da ƙaramar ɗiyarsa, da mata-maza da ke ɓoye lalurarsa. Kuɗinsa bai wuce na ƴan bulo da ƙyaure da sakata ba.

Sauran sharuɗɗan sanannu ne ga ma'aikatan tsabta. A nisanta ramin daga rijiya da aƙalla mita 30, musamman a kwarin Korama inda ruwa ke kusa da ƙasa. A ɗaure bakin ramin da bulo, tunda ƙasar yankin rairayi ce mai zaftarewa. A sa bututun iska mai raga a kai don korar wari da kama ƙuda. A ajiye ruwa da sabulu ko toka. A naɗa mai tsaron ƙofa, dattijo ko dattijuwa mai mutunci, wanda aikinsa karɓar kuɗi ne da hana yara tsokana, ba binciken jikin mutane ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da 19 ga Nuwamba a matsayin ranar makewayi ta duniya tun 2013. Ya kamata magadan gari da sarakuna da limamai da shugabannin ƴan kasuwa na Mallawa da Dungas da Magarya su riƙa amfani da ranar wajen zagaya kasuwanni da tashoshi, su ƙirga ɗakunan da ke akwai, su duba wanda ba shi da sakata. Ra'ayin mutane a kan daudanci zai ci gaba da bambanta, malamai kuma za su ci gaba da wa'azinsu. Amma sutura a wajen biyan bukata haƙƙin kowane ɗan Adam ne, kuma garin da ya tanadar wa kowa ita ya tsare mutuncin matansa, ya kuma tsare ruwan da yake sha.