Yadda na rage hasken fitilar tankin kifi, bayan na yi asarar kifi ɗaya da adafta ɗaya

Shekara biyu ke nan da na ajiye tankin kifi na gilashi a falona a nan Agege. Yara ne suka matsa min na saya, amma yanzu ni ne nake daɗewa a gabansa bayan isha'i. Tankin ya zo da doguwar fitilar LED mai farin haske ƙal, kuma da farko na ɗauka yawan hasken shi ne kyansa.

Wata rana aka ɗauke wuta da magariba, fitilar tana kunne, muka manta muka kwanta. Wajen ƙarfe biyun dare aka dawo da ita. Da safe ƙaramar 'yata ce ta tsinci ɗaya daga cikin kifayen a ƙasa, ya bushe. Irin waɗannan kifaye ba su da fatar ido da za su rufe. Idan suna cikin duhu haske mai ƙarfi ya faɗo musu lokaci guda, firgita suke yi, wani ya bugi gilashi, wani ya yi tsalle ta inda murfi bai rufe ba. Ga kuma gansakuka da nake kankarewa duk mako tana dawowa, ita ma ashe yawan hasken ne yake ciyar da ita.

Abin da na fara yi shi ne kuskuren da nake so ku guje masa. Na ce ai abin da ke rage gudun fanka zai rage haske, na sa aka haɗa min regileta a kan wayar da ke zuwa soket. Fitilar ta shiga ƙyaftawa, adafta tana ƙugi, kafin kwana uku ta ƙone. Tsohon ƙwan lantarki zaren ƙarfe ne a cikinsa, ka rage masa wuta ya rage ja, shi ke nan. LED ba haka take ba. Ba ta shan wutar bango ta bolt 230 kai tsaye, sai adafta ta sauko da ita ta mayar da ita irin wutar batir. Aikin adaftar shi ne ta riƙe abin da take fitarwa daidai, saboda haka in ka tsinka mata wuta daga baya, faɗa take yi da kai har ta gaji. Haka ma dimar bango da aka yi don tsofaffin ƙwayaye, in ba an rubuta a jikin adaftar cewa tana karɓarta ba.

To, kafin ka sayi komai, juya adaftarka ka karanta abin da take fitarwa. Iri biyu ne.

Idan ka ga lamba ɗaya tsayayya, 12V ko 24V, ka huta. Akwai ƙaramar dima da ake saƙalawa tsakanin adafta da fitila, wato a ɓangaren ƙaramar wuta, ba a ɓangaren bango ba. Ana samunta wurin masu kayan lantarki a kasuwar Alaba, kuma na tabbata manyan kasuwannin Anaca da Aba ba za su rasa ba. Yadda take aiki ya ba ni mamaki: ba rage ƙarfin wutar take yi ba, kashewa da kunnawa take yi sau ɗaruruwa ko dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya. In ka murɗa ta rabi, fitilar tana kunne rabin lokaci, a kashe rabin lokaci, idonka kuma ya haɗa su ya ga haske mai sauƙi. Shi ya sa launin hasken ba ya canzawa sosai. Masu araha suna yin wannan a hankali, kuma kyamarar waya tana tona musu asiri. Haska fitilar da kyamara bayan ka rage ta, in ka ga baƙaƙen layuka suna gudu a fuskar wayar, tana ƙyaftawa ke nan. Ni dai irin wannan na mayar wa mai shago na ƙara kuɗi na ɗauki wata.

Akwai ɗan lissafi. Ka raba wat da bolt, abin da ya fito shi ne amfiya. Fitilata wat 24 ce a kan bolt 12, wato amfiya 2, sai na sayi dimar da ke ɗaukar 5 don kada ta riƙa zafi. Ka duba bolt ɗinta ya yi daidai da naka, kuma ka tafi da adaftar kasuwa a gwada bakin filogin, don akwai masu kama da juna da ba sa zama daram.

Iri na biyu shi ne wanda aka rubuta masa 350mA ko 700mA, bolt ɗin kuma daga kaza zuwa kaza, misali 24 zuwa 36. Wannan yawan wutar da ke gudana yake riƙewa, bolt ɗin yana hawa da sauka. Kada ka saƙala masa waccan ƙaramar dimar. Duk sanda ta katse hanya sai ya ɗaga bolt, da ta buɗe sai ya watsa wa ƙwayayen, a haka suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Shi sai dai a canza shi da wanda aka ƙera da nasa wayoyin ragewa guda biyu, galibi za ka ga DIM+ da DIM- a jiki. Wannan aikin mai gyaran wuta ne, ba na gwaji a falo ba.

Wanda ba ya son taɓa waya kuma yana da hanya. Ɗaga fitilar sama da taƙi ɗaya yana rage abin da ke isa ƙasan tanki. Akwai kuma kainuwa, wadda duk wanda ya tashi kusa da kududdufi a gida ya san ta. Biyu ko uku a saman ruwan suna yin inuwa, suna kuma shanye abincin da gansakuka take nema. Sai dai dashen Allah ce kamar yadda ake mata kirari, in ka bar ta za ta rufe saman gaba ɗaya, dole kana ragewa. Ka wanke ta sosai ka ajiye a bokiti na wasu kwanaki kafin ta shiga, saboda dodon koɗi da ƙwari.

Nawa ne ya isa? Ni na tsaya a wajen rabin ƙarfin fitilar, awa 7 a rana. Tsakanin awa 6 zuwa 8 ne mafi yawan masu shuka a tanki suke farawa. Ka canza abu ɗaya, ko ƙarfi ko tsawon lokaci, ka jira mako biyu ka ga abin da tankin zai gaya maka. Koren gashi a kan ganye da gilashi, haske ya yi yawa. Shuka ta yi zanƙalele tana neman sama, ganyenta ya koɗe, ya yi kaɗan. Abin da ya ba ni dariya shi ne shukar da mai shago ya sayar min da sunan 'yar waje, Anubias, asalinta dazuzzukan kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru ne, a inuwar bakin rafi take tsirowa. Kifin nan mai jan ciki da ake kira kribensis shi ma ɗan kudancin Najeriya ne. Tun da na rage haske ya fi fitowa daga kogonsa, jan cikin ma ya fi fita.

Saura matsalar da ta kashe min kifi, wadda dima kaɗai ba ta magance ta. Agogon soket mai juyawa yana tsayawa in an ɗauke wuta, bayan kwana biyu sai ka ga yana kunna fitila da tsakar dare. Nemi mai ɗan batir a ciki da ke riƙe lokaci, in da hali wanda ke ɗaga haske a hankali cikin minti 15 zuwa 30 kamar fitowar rana. Tun a shago ka gwada: saita shi ƙasa, zare filogi, mayar. In ya dawo da cikakken haske, bar musu kayansu. Masu sola kuma kada ku ja waya kai tsaye daga batir don an rubuta 12V, lokacin caji yana haura 14, yana gajarta ran fitilar.

Ruwa da wuta fa, ga yara. Adafta da dima su zauna sama inda feshi ba ya kaiwa, wayar kuma ta lanƙwasa ƙasa da soket kafin ta hau, yadda ɗigon da ya biyo ta zai zuba ƙasa. Ina kashe komai daga bango kafin na sa hannu a ruwan. Kusurwar murfin da kifin ya bi na toshe ta da guntun ragar taga, kuma yanzu sai na yi mako uku ban kankare gilashi ba.