3.2 Gwajin Manhajar da Aka Gina Bisa Tsarin Hidimomi

A wannan tsari ba a gina manhaja a dunƙule. Ana rarraba aikin ne zuwa sassa da ake kira hidimomi, kowace tana zaman kanta, tana musayar saƙo da sauran. Abin da ke haɗa su shi ne yarjejeniya, wato bayanin irin saƙon da hidima za ta karɓa da amsar da za ta mayar, kamar yadda ake rubutawa da ƙa'idar WSDL.

Gwajin irin wannan manhaja ya kasu kashi uku. Na farko, ana gwada kowace hidima ita kaɗai, a ga ko ta cika yarjejeniyar. Na biyu, ana gwada ta da maƙwabtanta. Idan ba a gama wata ba, sai a ƙirƙiri ta wucin gadi mai kwaikwayon amsoshinta. Na uku, ana haɗa su duka a bi aikin daga farko har ƙarshe.

Illar sakaci da kashi na uku ta bayyana a Amurka ranar 1 ga Oktoba, 2013, lokacin da aka buɗe shafin inshorar lafiya na HealthCare.gov. Kamfanoni daban-daban ne suka gina sassansa, amma ba a gwada su a haɗe ba sai dab da buɗewa, saboda haka ɗimbin jama'a suka kasa yin rajista. Wannan ya nuna cewa ingancin kowace hidima ita kaɗai bai tabbatar da ingancin manhajar baki ɗaya ba.