Faɗin Taya Ba Shi Ne Kyawunta Ba

Akawu ko malamin makaranta wanda ya yi shekara da shekaru yana tattalin albashi har Allah Ya nufe shi da mallakar mota, ba ya kan daɗe ba sai mashawarta su yi masa ca. Shawarar da ya fi ji kuwa ita ce ya kwance tayoyin da motar ta zo da su ya ɗaura masu faɗi, wai sun fi kama ƙasa, sun fi taushi, sun kuma fi kwarjini. To, kwarjini dai ba mu musa ba. Amma sauran biyun ya kamata a auna su kafin a kwance lalita, gama in mota na gudu, iyakar abin da ke riƙe da ita bisa hanya 'yan wurare ne huɗu, ko wanne bai wuce tafin hannu da yawa ba, rayukan mutanen ciki kuwa duk a kansu su ke.

Da fari sai mutum ya koyi karatun da ke gefen taya. In ya ga an rubuta 195/65 R15, to, 195 shi ne faɗinta, milimita ke nan. 65 kuwa tsayin bangonta ne, watau daga bakin gargare zuwa inda zane ya soma, ana nufin kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wajen milimita 127. Harafin R na nuna irin saƙar cikinta, wadda kamfanin Michelin na Faransa ya yi rajistarta a 1946, sa'an nan 15 girman gargare ne, inci 15.

Masu cewa taya mai faɗi ta fi kama ƙasa suna da rabin gaskiya. Nauyin mota da yawan iskar da ke cikin taya su ne suka fi hukunta girman wurin da ke taɓa ƙasa. In an ƙara faɗi, siffar wurin ce ta fi sakewa, ya gajarta ta gaba da baya, ya buɗe ta gefe. Bisa busasshiyar kwalta mai sumul wannan yana da amfani, mota ta fi tsayawa daram a kwana. Amma da damina, in ruwa ya kwanta bisa hanya, labari ya sha bamban. Dole taya ta kore ruwan da ke gabanta kafin ta sami ƙasa, mai faɗi kuwa ruwan da za ta kora ya fi yawa. In gudu ya yi yawa, ko zane ya suɗe, sai ta hau bisa ruwan kamar ƙwarya a rafi, direba ya murɗa sitiyari ya taka birki, babu wanda zai amsa masa. Ban da wannan, ta fi shan mai, ta fi ƙugi, ta kuma fi bin kwarin da manyan motoci suka haƙa a hanya.

Zancen taushi kuwa, a bangon taya ya ke, ba a faɗinta ba. Bango mai tsawo shi ke lanƙwasa ya shanye bugun rami da gargada kafin ya kai ga ƙashin bayan mutum. Ga misali. Wanda ya cire 195/65 R15 ya ɗaura 225/45 R17, tsayin ƙafar motarsa gaba ɗaya bai sake ba, amma bangon ya dawo milimita 101. Watau ya sami milimita 30 na faɗi, ya yi hasarar 26 na abin da ke kāre shi. Ranar da ya faɗa rami da gudu, sai bango ya matse tsakanin gargare da bakin ramin, taya ta yi ƙulu ko ta fashe, gargare kuma ya lotse. Dattawa za su tuna Peugeot 504 da aka soma haɗawa a Kaduna a 1975. Faɗin tayarta milimita 175 ne kaɗai bisa gargare na inci 14, amma bangonta dogo ne, da taimakonsa kuwa ta yi suna bisa hanyoyin burji.

Saboda haka wanda zai sayi taya ya duba littafin motarsa, ko 'yar takardar da a kan liƙa a jikin ƙofar direba. Nan maƙeranta suka rubuta girman da suka gwada, da yawan iskar da ta dace. In sun ba da girma biyu ko uku, wanda aikinsa ke kai shi ƙauyuka ya zaɓi mai dogon bango, wanda ba ya barin kwalta mai kyau yana iya ɗaukar mai faɗin. Kada a haɗa girma biyu dabam a ƙafafun gaba, ko kuwa a na baya. A auna iska da safe tun taya na da sanyi, a kuma canja ta tun zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba.

Wanda ya kiyaye waɗannan ya tsare aljihunsa da iyalinsa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Allah Ya kai kowa gida lafiya, amin.