Zuwan Mai Sakaci Gida Ranar Sallah Ba Munafunci Ba Ne

Akwai wata magana da ke yawo a majalisu duk lokacin da Sallah ta gabato, daga Ambursa zuwa Birnin Kebbi har Argungu. Cewa ake yi wanda ba ya riƙo da addini ba abin da ya haɗa shi da Sallah. In aka ga mutumin da ba a saba ganinsa a sahu ba, ko wanda ake zaton azuminsa bai cika ba, ya sauka daga mota ranar jajibere da tsaraba niƙi-niƙi, washegari ya sa sabuwar shadda yana bin gidaje yana barka da Sallah, sai a ce riya ce, wasu ma su ce munafunci. A ganinsu irin wannan mutum ba Sallah yake yi ba, kwaikwayo yake yi, kuma da ya zauna inda yake da ya fi masa mutunci.

Masu wannan magana mutanen kirki ne, kuma kishin addini ne ke sa su faɗe ta. Hujjarsu ma ba ta banza ba ce. Ƙaramar Sallah murna ce ta kammala azumin watan Ramalana, Babbar Sallah kuma tunawa ce da miƙa wuyan Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi. To wanda bai azumta ba, murnar me yake yi? Suna kuma tsoron kada ranar ibada ta koma ranar ɗinki da nama kawai. Wannan tsoro yana kan hanya, ni ma ina da shi. Barin salla babban laifi ne, kuma babu shadda ko rago da ke maye gurbin raka'a ɗaya. Inda muka rabu da 'yan'uwana shi ne hukuncin da suka ɗora a kan wannan gaskiya, domin hukuncin bai dace da abin da ido ke gani ba, bai kuma dace da abin da malamanmu suka karantar ba.

Mu fara da abin da ido ke gani. Ambursa tana kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, kuma a nan filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yake, saboda haka mutanen garin sun san yadda hanya ke cika a kwanakin jajibere. Masu dawowa daga Legas da Abuja da Fatakwal ba duka ne masu tsayuwar dare ba. A cikinsu akwai wanda ya yi sake da salla shekara da shekaru. Duk da haka tun wata guda kafin Sallah ya aiko da kuɗin ɗinkin yara, ya sa hannu a watanda, ya tambayi farashin rago, ya kwana a kan hanya don ya durƙusa gaban mahaifiyarsa da safiyar Idi. Mai riya yana neman waɗanda ba su san shi ba ne, don su ɗauke shi a abin da bai kai ba. Shi kuwa wannan ya taho ne wurin mutanen da suka fi kowa sanin halinsa, waɗanda ba zai iya ɓoye musu komai ba. Abin da ya kawo shi a bayyane yake: uwa da uba, 'yan'uwa, tuwon shinkafa da masar gidansu, da son 'ya'yansa su san inda aka binne cibiyarsa. Wannan so na gaskiya ne, ko da ibadarsa tana da giɓi.

Ba kuma a ƙasar Hausa kaɗai ake ganin haka ba. A shekarar 2013 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta gano cewa kashi 87 cikin 100 na Amurkawan da suka ce ba su bin kowane addini suna bikin Kirsimeti, suna taruwa da dangi, suna musayar kyauta. A Turkiyya, wadda ta zama jamhuriya a 1923 ta kuma raba addini da mulki, har gidajen da ba su damu da masallaci ba suna kai wa dattawa gaisuwar Idi, yara suna sumbatar hannun kakanninsu a ba su alewa. Ban kawo waɗannan misalai don mu yi koyi da kowa ba. Na kawo su ne don a ga cewa da'awar "marar riƙo da addini ba ya bikin addini" ba ta tsaya ba ko'ina aka gwada ta. Ɗan Adam yakan saki aƙida ko ya yi sakaci da ita, amma ya ƙi sakin ranar da ke tara shi da danginsa.

Na biyu, kalmar munafunci tana da nauyin da bai kamata a riƙa jifa da ita a bakin titi ba. Munafuki shi ne mai ɓoye kafirci a zuci yana bayyana imani a baki, kuma abin da ke cikin zuciya Allah kaɗai Ya san shi. A mazhabar Imam Malik, wadda Shehu Usmanu da ƙaninsa Malam Abdullahi na Gwandu suka karantar a kanta, wanda ya bar salla don kasala alhali ya yarda wajibi ce, mai babban saɓo ne, amma bai fita daga Musulunci ba. Duk ɗalibin da ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya ci karo, tun a babin aƙida, da ƙa'idar cewa ba a kafirta Musulmi saboda zunubi. Idan kuwa mutum Musulmi ne, Idin Musulmi idinsa ne. Zuwansa filin Idi ba ya goge masa bashin sallolin da ya bari, amma barin waɗancan salloli bai haramta masa wannan ba. Wanda ya kasa yin duka ba a ce masa ya bar ɗan abin da ya iya.

Na uku, ita kanta shari'a ba ta mayar da murnar Idi ladan aiki da ake biyan wanda ya kammala kaɗai ba. Duba zakkar fidda kai. Maigida yana fitar wa duk wanda ke ƙarƙashinsa, har da jinjirin da bai san azumi ba. Tsohon da ya kasa azumi, da majinyaci, da mai jego, da matafiyi, duk babu wanda aka ce ya rufe ƙofa ranar Sallah. Gaskiya ne waɗannan suna da uzuri, mai sakaci kuwa ba shi da shi, kuma wannan bambanci yana nan a wurin hisabi. Abin da misalin ke nunawa shi ne ranar ta al'umma ce gaba ɗaya, ba ta waɗanda suka cika talatin kaɗai ba. Ingantattun ruwayoyi sun nuna cewa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iso Madina, ya tarar da mutanen garin suna da ranaku biyu na wasa, sai aka musanya musu da Idi biyu. Sun kuma nuna cewa a ranar Idi wasu 'yan mata sun yi waƙa a ɗakin Nana A'isha, Sayyidina Abubakar ya tsawata, Manzon Allah ya ce a ƙyale su, kuma Habashawa sun yi wasa da mashi a masallaci Nana A'isha tana kallo. Ashe tun asali Idi yana da fuska biyu, ta ibada da ta walwalar jama'a. Wanda ya riƙe ta biyu kaɗai ya yi babbar asara, amma abin da ya riƙe ɗin ba na jabu ba ne, yana cikin abin da aka shar'anta ranar dominsa.

Na huɗu, mu mutanen wannan yanki muna da misali a ƙofar gidanmu. Bikin kamun kifi na Argungu, a siffar da aka san shi yau, ya faro ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta ƙarfafa sulhu tsakanin Sakkwato da Kabawa bayan daɗewar gaba. Amma tushensa ya girmi wannan shekara nesa, yana cikin tsofaffin al'adun ruwa na Kabawa. Yau dubban masunta da ke faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora Musulmi ne, da yawansu masu riƙo da salla, kuma ba don tsohon imanin da ya haifi al'adar suke shiga ba. Suna shiga ne don gadon iyaye da sunan garinsu, har hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gadon duniya a 2016. Ba wanda ya ce masuncin nan ƙarya yake yi don ya riƙe bikin ba tare da tsohuwar aƙidar ba. Ba ina daidaita Idi da kamun kifi ba ne, domin Idi umarnin Allah ne kuma tushensa yana raye. Abin da nake so a lura da shi shi ne ɗabi'ar mutum: yana iya riƙe biki da zuciya ɗaya saboda iyaye da gari. Idan mun fahimci haka a bakin ruwa, bai kamata ya gagare mu fahimta a zauren gida ba.

Na biyar, ko da an kai ga wanda ba Musulmi ba ne sam, zumunci bai faɗi ba. Sananne ne cewa mahaifiyar Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ta zo mata Madina tana kan shirka, Asma'u ta tambayi Manzon Allah, ya umarce ta da ta sada zumunci da ita. A Birnin Kebbi, tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, ma'aikata Kiristoci daga ƙasar Zuru da 'yan kasuwa daga kudu suke zaune a unguwanni ɗaya da Musulmi. Ranar Sallah kwanon abinci yana tsallaka katanga, a aiko yara su ce an gode, a yi barka. Ba mu taɓa ɗaukar wannan a matsayin rage darajar Sallah ba, mun ɗauke shi haƙƙin maƙwabci. To idan maƙwabcin da bai yi imani da abin da muka yi imani da shi ba yana da rabo a kwanon Sallah, da wace hujja za a hana ɗan gida da ke furta kalmar shahada, wanda laifinsa sakaci ne?

Za a iya cewa: in muka karɓe shi hannu bibbiyu, ba mun nuna masa ke nan cewa abin da yake yi ba komai ba ne? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin duba abin da kora ke haifarwa. Mutumin da ya yi nisa da masallaci amma yana zuwa gida Sallah kamar jirgin ruwa ne da igiya ɗaya ta rage tana riƙe da shi a gaɓar gulbi. Mai son jirgin ƙara masa igiya yake yi, ba ya sa wuƙa ya yanke wadda ta rage. A wannan zuwan ne yake jin kabbara tana tashi daga kowace kusurwa, yake tsayawa a sahu kusa da mahaifinsa, yake jin huɗuba, ake kai shi gaida malamin da ya koya masa baƙi. A wannan zuwan ne 'ya'yansa da suka tashi a bariki suke riƙe hannun kakansu zuwa filin Idi, suna ganin yadda ake auna zakka da yadda ake rabon naman layya. Idan aka tarbe shi da habaici, baɗi ba zai zo ba, kuma ba shi kaɗai aka rasa ba, har da yaran. Wanda aka wulaƙanta a ƙofar gida ba ya komawa masallaci don haushi, ƙara nisa yake yi.

Karɓa kuma ba ta hana nasiha. Sai dai nasiha tana da wuri da lokaci da mai yin ta. Uba ko wa ko aminin ƙuruciya, bayan an ci an sha an huce gajiya, ya ja shi gefe inda ba kunne na uku, ya ce masa: "Wane, mun ji daɗin zuwanka, amma akwai abin da ke damuna game da sallarka." Wannan magana tana shiga, domin ta fito daga bakin wanda ya riga ya nuna ƙauna. Wadda aka jefa a majalisa ana nuna shi da baki ba ta gyara kowa, kuma mai jefa ta ya ɗauki alhakin giba a ranar da ake neman gafara.

Tsoron kada Sallah ta koma ɗinki da nama kuwa, maganinsa yana hannun masu riƙo da addini kafin kowa. Mu ne za mu nuna wa yara cewa fitar da zakka kafin a tafi Idi ya fi sabon takalmi muhimmanci, cewa ba a cin bashi don a sayi ragon da ya fi na maƙwabci, cewa gidan marayu da na gwauruwa su ne farkon inda kwano zai nufa. Sallar da aka raya haka ita da kanta wa'azi ce ga duk wanda ya shigo cikinta, mai ƙwazo da mai sakaci.

Saboda haka, ɗan'uwa mai kishin addini, riƙe kishinka, amma gyara hukuncinka. Ka ce barin salla laifi ne, ka yi gaskiya. Ka ce ado ba ya maye gurbin ibada, ka yi gaskiya. Amma kada ka ce wanda ya yi sakaci ba ya Sallah, domin yana yi, kuma kada ka kira zumuncinsa munafunci, domin ba ka da hujja a kan zuciyarsa. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, shi kuwa ya tako. Haƙƙinsa a kanka shi ne ka amsa sallamarsa da sakin fuska, ka ba shi wurin zama, ka gaya masa gaskiya a asirce, ka roƙa masa shiriya kamar yadda kake roƙa wa kanka. Allah Ya shiryar da mu baki ɗaya, Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana.